Kilishi a Ledar Dankali

Har muka cika shekara uku da aure, mijina bai taɓa dawowa daga tafiya da tsaraba ba. Ba rowa ke damunsa ba, mantuwa ce. Mutum ne da zai iya fita da takalmi wari da wari, sai an nuna masa a ƙofar masallaci. Ni kuwa na tashi ne a kan littattafan soyayya, irin waɗanda muke haya a bakin kasuwa mu ɓoye a cikin littafin lissafi. A cikinsu namiji ba ya dawowa daga Abuja hannu rabbana. In ba turare ba, to atamfa, ko fure ɗaya da 'yar wasiƙa. Da wannan na shiga gidan miji, kamar yadda wasu ke shiga da kwanukan jere.

Mahaifina mahauci ne a mayankar Abattoir, a nan Jos, kuma kilishi ne ya fi shahara da shi. A rumfarsa na fara ganin mijina, ranar da na kai abincin rana na tarar da wani siriri mai tabarau yana tambayar Baba kwana nawa kilishi ke yi da damina kafin ya yi fumfuna. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a hanyar Vom, yana kuma karatun babban digiri a gefe. Aikinsa shi ne leda. Ba irin baƙar ledar nan da ke toshe mana magudanai ba, tasa da dankalin Turawa ake yi. Zai sayo ƙananan dankalin da manoma ke warewa, ya goge, ya tace sitacin, ya dama shi a tukunya kamar koko, ya zuba a farantin gilashi. In ya bushe sai ya ɓare shi, sharashara, kana hango yatsunka ta ciki. In ka binne ta a ƙasa, 'yan makonni ta ruɓe. Baba ya so shi tun ranar, domin shi ne mai farka tumbin saniya ya ciro dunƙulen leda kamar kan jariri, ya san abin da ake magana a kai.

Matsalar ita ce daminar Jos. Danshi yana shiga komai, kilishi ya yi laushi, ya yi fumfuna a cikin ledar. Maganin da mijina ke nema shi ne a haska naman bayan an rufe shi. Akwai wata cibiya can wajen Abuja mai wani haske da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. In an bi da abinci ta gabansa, ƙwayoyin da ke ɓata shi sai su mutu. Sai dai hasken ba ya bambanta abokin gaba da na gida. Yadda yake kashe ƙwayoyin, haka yake tsinka ƙananan zaruruwan da ke riƙe da ledar dankali. In ya yi yawa, ledar ta koma rawaya, ta yi ta karyewa kamar busasshen ganyen masara. In ya yi kaɗan, ledar ta tsira, fumfuna ma ta tsira. A tsakanin nan akwai wani awo guda da zai kashe ƙwayoyin ya bar ledar, shi mijina ya shekara huɗu yana nema.

Gwajin farko duk ledojin sun farfashe. Ya jira wata takwas kafin layi ya sake zagayowa kansa a cibiyar, makaranta kuma ta ba shi wa'adin ƙarshe: in damina ta wuce bai kawo sakamako ba, an rufe littafinsa. Saboda haka ya shirya ƙulli talatin na kilishin Baba, kashi shida, biyar-biyar. Kashi ɗaya ba za a haska shi ba, sauran biyar kowanne da ƙarfin hasken da za a ba shi. A jikin kowane ƙulli ya manna farin salatif ya rubuta harafi da lamba. Bayan an haska, za a ajiye su kwana casa'in ba a buɗe ba, yana duba su.

Duk wannan ya faɗa mini. Na kuma ji, amma irin jin da ake yi wa ruwan sama a kan kwano. In yana bayani, ni gashin idonsa nake kallo, ina tunanin yadda marubuciya za ta siffanta shi. Abu ɗaya na riƙe daram, domin ya yi kama da zancen littafi. Ya taɓa ce mini, “Ranar da ledar nan ta yi, ke za ki fara rabon kilishi a cikinta.”

Ranar wata Juma'a ya dawo daga cibiyar, ana gab da tayar da salla. Ya shigo da kwali a kafaɗa, fuskarsa cike da fara'a, ya dire shi a tsakiyar falo. “Na makara,” ya ce, ya yi alwala a tsaitsaye, ya shafi kaina da jiƙaƙƙen hannu, ya fice. Na san daga masallaci gidan mahaifiyarsa zai wuce, kamar kowace Juma'a, sai la'asar.

Bai jima da fita ba Madam ta leƙo. Maƙwabciyata ce, 'yar Gabas, Kirista, mai shagon kayan masarufi a ƙofar gidanmu. A Jos aka haife ta amma Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kuma har yau Amarya take kirana.

“Amarya, na ga oga ya dawo. Yau ma iska ya kawo maka?”

“Kai, Madam.”

“To wannan kwali fa? Kada ka ce mini littafi ne kuma. Miji mai kawo littafi, ni gara ya kawo mini ciwon kai, aƙalla ina da magani a shago.”

“Tsaraba ce,” na ce.

Ban buɗe kwalin ba tukuna lokacin da na faɗi haka. Bakina ne ya riga ni. Ta tafa hannu ta ce tana jiran rabonta, ta koma shago tana dariya.

Da na yanke igiyar na ɗaga murfin, sai ga kilishi jere a cikin leda garai-garai, ja yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Ba yau ya fara kawo ragowar gwaji gida mu ci ba. Ga fara'ar da ya shigo da ita, ga hannun da ya ɗora mini a ka. Nan take na rubuta wa kaina labarin: aiki ya yi, ya kawo mini na farko, ya cika alkawari ba tare da ya ce komai ba, domin maza masu zurfin ciki haka suke yi a littafi. Ban tuna kwana casa'in ba. Ko na tuna, na ture shi gefe, ban sani ba. Na sha tambayar kaina wannan.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini kyan ƙullin, wato farin salatif ɗin nan mai rubutu. Na san ba farashi ba ne, amma ya yi kama da farashi, kuma a gidanmu an koya mana ba a miƙa kyauta da takardar kuɗinta a jiki, gori ne. Na juye kwalin a babban tirena na aure, na zauna na miƙe ƙafa, na riƙa ɓare salatif ɗin ɗaya bayan ɗaya a hankali don kada ledar ta yage. Littafin da nake karantawa yana kan cinyata, sai na riƙa manna su a bayan bangonsa don kada su ɓata mini daɓe. Har waƙa nake yi.

Na kai wa Madam huɗu, tsohuwar da muke haya a gidanta uku, matar telan da gidansu ke kallon namu biyu, wata mai jego a bayan layi biyu. Kowa na miƙa wa sai na ce, “Ga tsarabar maigidan.” Na ji daɗin faɗin kalmar nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Sha taran da suka rage na jera su a tire kamar furanni, na rufe da saƙaƙƙen mayafi, na sa turaren wuta, na canja kaya.

Da la'asar ya yi sallama. Ya dubi kwalin da ke jingine a bango wayam, ya dubi tiren. Na ɗaga mayafin ina murmushi.

“Ina takardun?” ya ce.

“Waɗanne, Malam?”

“Na jikinsu.”

Na ɗauko littafin na juya masa bayansa. Farare talatin, wani kan wani, wasu a karkace. Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Bai yi tsawa ba. Ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, a gefen kujera, kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

“Ɗakin gwajinmu a kulle yake sai Litinin,” ya ce, ba da ni yake ba, da tiren yake. “Shi ya sa na biyo da su gida.”

Sai a lokacin kwana casa'in ɗin suka faɗo mini a ka.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba. Mace ta bi gida-gida tana karɓar kyautar da ta bayar da hannunta. Tsohuwa ta miƙo mini nata ukun ba a taɓa ba, don ba ta da haƙoran kilishi, jikokinta take ajiye wa. Su matar tela sun cinye. Mai jego ta cinye. Madam ta ci biyu, tana suɗar yatsa na same ta, mijina yana bayana. Da ya yi mata bayani sai ta dafe ciki.

“Oga, tsaya. Wannan nama an saka shi a wuta na asibiti? Yanzu ni zai riƙa haske kamar tocila?”

Duk da halin da yake ciki sai da ya murmusa. “Madam, kilishin da aka shanya a rana, kin taɓa ganin ya shigo ɗaki da rana a jikinsa? Hasken wucewa yake yi, ba ya zama. Wanda kika ci ya fi na kasuwa tsafta.”

“To in ya fi tsafta, me ya sa za ka karɓe sauran?” Ta miƙo biyun tana hararata. “Amarya, kai ma. Shekara uku ba tsaraba, rana ɗaya da ya zo, da 'yan sanda ya zo.”

Na yi ƙoƙarin dariya, hawaye suka zo a madadinta. Ta bar wasan, ta kama hannuna ta matse.

Muka dawo da biyar, suka zama ashirin da huɗu. Ina murna a raina cewa shida kawai aka rasa, sai ya ce ba waɗanda aka ci ne damuwarsa ba. Ya jera su a kan tebur kusa da taga. Ya ware huɗu da suka ɗan yi rawaya, ya ce waɗannan su ne suka sha haske mafi ƙarfi, ido ma ya gane su. Waɗanda ba a haska ba kuma za su tona kansu nan da 'yan kwanaki. Amma kashi huɗun tsakiya, inda amsar take, kamarsu ɗaya kamar 'yan gida ɗaya.

“Ba ka da na'urar da za ta gane?” na ce.

“Ina da wadda ke ja ta auna ƙarfin leda. Amma shi ne abin da nake son in sani, wane haske ne ya bar wane ƙarfi. Ba a ɗaukar amsa a nemo tambaya da ita.”

Na ɗauki littafin na ce bari in tuna. Na farkon da na ɓare shi ne na ƙasa a mannin, kuma ina jin daga gefen dama na tire na fara. Na rufe ido. Abin da na gani kawai shi ne ƙafata a miƙe da waƙar da nake yi. Na ɗaga wani ƙulli na ce ina jin wannan ne, na ajiye, na ɗaga wani.

“Malam,” na ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa, “mu mayar da su mana. Kowanne mu manna masa ɗaya. Wa zai sani?”

Ya karɓi littafin daga hannuna, har na ɗauka ya yarda. Na ga yatsansa yana wasa da gefen salatif ɗaya.

“In na rubuta awon da ba shi ba,” ya ce, “wata rana wani zai karanta, ya haska abincin da yara za su ci da shi.” Ya kife littafin ya miƙo mini. “Ajiye abinki.”

A littafi, nan ne mace ke ƙara son mijinta, kuma na ƙara. Amma son bai manna ko takarda ɗaya ba.

Washegari Baba ya zo, abin da ba ya yi, don ba ya shiga gidan suruki. Ya tsaya a zaure ya aika a kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa ɗaga mini murya ba.

“Uwata, ni da ban yi boko ba, in na yanka shanu biyu ba na haɗa hantarsu a kwano ɗaya. In ɗaya ta fito da ciwo, ta wace saniya zan ce?”

Na sunkuyar da kai. Ya juya wurin mijina ya ce ko cinya guda ake so zai yanka a yau, ya shanya da kansa, ko da zai tsaya a kanta da laima. Mijina ya durƙusa ya yi godiya, ya ce nama ba ya wuya, leda ma zai iya damawa cikin mako guda. Layi ne babu.

Ranar Litinin ya buga waya cibiyar, ina tsaye a bakin ƙofa ina ji. Suka ce masa jerin masu jira ya kai bayan damina, ba a tsallake kowa. Ya rubuta wa makaranta takardar neman ƙarin lokaci, ya rubuta gaskiya, sai dai bai ambace ni ba, ya ce takardun shaida sun rabu da samfura a hannunsa. Amsa ta zo bayan mako uku, layi biyu. Wa'adin ƙarshe sunansa ke nan.

Duk da haka bai zubar da su ba. Ya ba su sababbin lambobi daga ɗaya zuwa ashirin da huɗu, ya jera su a kan kantar falo, tunda ba su da sauran matsayin shiga ɗakin gwaji. Kowace safiya kafin ya fita zai ɗaga kowanne ya duba a hasken taga, ya rubuta a wani ɗan littafi. Na tambaye shi amfanin me. Ya ce ya saba ne.

Ni ce mai wuni da su. Ruwa yana zuba a kan kwano, wani lokaci har da ƙanƙara, ina zaune ina kallon kanta. A mako na biyu wasu suka fara farin gashi a ciki, kamar auduga. Masu rawayar nan suka tsattsage daga kusurwa, in ka taɓa sai su yi ƙara su zube. Sannan na tsakiya suka fara faɗuwa ɗaya-ɗaya, wannan fumfuna, wancan tsaga. Duk wanda ya lalace, mijina zai ɗauke shi da safe, gurbinsa ya zauna a kanta kamar giɓin haƙori.

Na daina karatu a lokacin. Na gwada, amma duk littafin da na buɗe sai in tarar a shafi na kusa da ƙarshe wani kawu ya dawo daga ƙasar waje, ko wani babban mutum ya ji labari ya buga waya ɗaya komai ya warware. Na yi ta ƙirga mutanen da na sani. Mahauta ne, da teloli, da Madam. Na yi tunanin in shiga mota in je cibiyar in durƙusa a gaban ogansu in ce laifina ne. Na faɗa wa mijina, ya ce ko ƙofa ba za a bar ni in wuce ba, kuma wanda za a cire a layi don a sa shi, shi ma wata takwas ya jira. Na yi azumi uku. Na yi sadaka. Na dafa masa duk abin da yake so, ya ci ya ce ya gode. Da ya yi faɗa, da na san inda zan sa kaina. Bai yi ba. Zancen leda kawai ya daina yi mini, sai na gane ashe shi ne hirar soyayyar da yake yi mini tun farko, ni kuma ina can ina jiran fure.

Ranar da kwana casa'in suka cika, uku ne suka rage a kanta. Damina ta ja baya, rana ta fito fes. Ya ɗauki ɗaya ya kai taga. Ledar tana nan garai-garai, ya lanƙwasa ta ta lanƙwasu ba ta karye ba. Naman ja, busasshe, babu ɗigon fumfuna. Ya duba na biyu, ya duba na uku, duk haka.

“Kin gan ta,” ya ce. “Akwai ta. Ɗaya ce daga cikin kashi huɗun nan na tsakiya.” Ya juya ƙullin ya dubi inda salatif ya bar ɗan tabo. “Ta zo, ba ta faɗi sunanta ba.”

Ya yage bakin ledar, ya gutsura, ya tauna a hankali. Ya miƙo mini sauran. Na karɓa na riƙe, na kasa kaiwa baki. Ya sa hula ya tafi aiki, domin ranar ma ranar aiki ce.

A ƙarshen watan makaranta ta rufe littafin karatunsa. Yana nan a ɗakin gwajin, yana shirya wa ɗalibai kayan aiki yana wanke kwalabe. Ledar da ya yage na tura ta cikin ƙasar tukunyar furen da ke bakin ƙofata, na riƙa tonawa ina dubawa. Kafin wata biyu babu ita, ko alama. Littafin mai farare talatin a bayansa yana ƙasan akwatina, ban mayar wa mai haya ba, ban kuma san yadda labarin ya ƙare ba.

Tukunyar da yake dama sitaci tana kife a saman kabad ɗin kicin. Ban taɓa dafa komai a ciki ba. Bara da dankali ya yi araha na sayo tiya guda ta ƙananan, na ajiye a inda zai gani in ya shigo. Ya gani. Ya ce in soya mana da ƙwai.